Daga gidan yari zuwa gidan kaso: wa ke fita kafin lokacinsa, kuma da wane hali?

Makon jiya wata baiwar Allah ta kira cikin shirinmu na dare, ta ce ɗanta ɗan kabu-kabu ne, an kama shi da tramol, wannan ne karo na biyu. Tambayarta ɗaya: "Ɗana, in shugaban ƙasa ya yi ahuwa, za a sako shi?" Na ba ta amsar da ta samu, amma raina bai kwanta ba. Shi ya sa na ce bari mu koma baya kaɗan.

Mu fara da sunan wurin. Ƴan uwanmu na Najeriya suna cewa gidan yari, don Yari sarauta ce ta mai tsaron ɗaurarru a fadar sarki. Mu nan muna cewa gidan kaso, kuma kaso ba Hausa ba ce, daga cachot ta Faransanci ta fito. Zamanin Nasara akwai dokar da ake kira indigénat, wadda ta ba kumandan damar rufe talaka har kwana 15 ba tare da alƙali ya ji ta bakinsa ba. Ƙin biyan haraji ko ƙin fita aikin tilas ya isa. Sai a 1946 aka soke ta, shekarar da aka soke aikin tilas ɗin kansa. To kun ga kason da kakanninmu sunka sani ba a gina shi don gyaran kowa ba. Kumandan ke rufewa, kumandan ke buɗewa.

Maganar ɗaurarre ya rage wa kansa kwana da halinsa daga nesa ta zo. A 1840 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Alexander Maconochie, ya karɓi ragamar kurkukun tsibirin Norfolk, can wajen Ostareliya. Ya ce a daina lissafa ɗauri da kwanaki kaɗai, a lissafa da maki: ka yi aiki, ka kama kanka, ka tara maki, ka matso kusa da ƙofa. Shekara huɗu ya yi aka cire shi, don manyansa sun ga ya cika sassauci, amma dabarar ba ta mutu ba. Faransa ta kafa dokar sakin talala a 1885, wato a sallami mutum kafin wa'adinsa bisa sharaɗi, in ya karya a maida shi. Da muka samu ƴancin kai, kundin dokokinmu na 1961 ya ɗauko wannan tsari. Ke nan a takarda ƙofa biyu gare mu: ahuwar shugaban ƙasa, wadda kyauta ce daga sama, da sakin talala, wanda mutum ke nema da halinsa. Ta farkon kowa ya san ta. Ta biyun, ku tambayi mutum goma a tasha ku ji ko ɗaya ya taɓa jin labarinta.

Haɗa wannan da maganin shaye-shaye kuwa, Amurka ce ta daɗe tana gwadawa. A 1935 ta buɗe wani katafaren gida a Lexington, jihar Kentaki, rabi kurkuku rabi asibiti, da gona da shanu, ana kai masu shan hodar iblis da ƙwaya su yi noma su rabu da ita. Mafi yawansu da sun fita sai su koma ruwa. Abin da ya fi muni, an riƙa gwada ƙwayoyi a jikin ɗaurarrun da sunan bincike, ana biyan wasu da ragin kwana, wasu ma da ƙwayar da suka zo rabuwa da ita. Na kawo wannan da gangan. Duk inda aka ce wa ɗaurarre "yi kaza a sake ka", zai ce to, ko mene ne kazan. Dole a sa ido kan abin da ake ba shi.

Sai a 1994 suka yi doka da ta fi tsari. Ɗaurarren gwamnatin tarayya da laifinsa ba na tashin hankali ba ne, in an tabbatar yana da matsalar shaye-shaye, yana iya shiga shirin jiyya na kimanin wata 9, awa 500, a wani sashe daban na kurkukun. In ya kammala, ana iya rage masa har shekara guda. Kuma ba a nan ake ƙarewa ba: bayan ya fito sai ya ci gaba da ganin masu kula da shi a gari. Ana sukar shirin, ana cewa wasu na ƙirƙirar ciwon don su samu ragi. Gaskiya ne, ɗan Adam ke nan. Amma ko ba komai akwai abin da ake aunawa kafin a buɗe ƙofa.

Mu dawo gida. Dokarmu ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta watan Satumba 1999 ce, lokacin da wiwi da sholisho ne abin kuka. Tramol ya mamaye mu daga baya. Maganin ciwo ne na gaskiya, likita na rubuta miligram 50 ko 100, amma wanda ke yawo cikin fada da tasha har 225 ake samu, yawancinsa daga Indiya, ta tashoshin ruwan ƙasashen gaɓar teku. Ba don daɗi kawai samari ke sha ba. Mai noma na sha don ya kai yamma, ɗan kabu-kabu don ya kai dare, mai haƙar zinariya don ya daure. Ranar da aka rufe shi ya rasa, sai zufa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, faɗa da kowa. Gardin da ke tsaronsa soja ne, ba malamin asibiti ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Iyaye da suka rasa mafita sukan nemi gidan mari. Kun tuna 2019, sa'adda ƴan sandan Najeriya sunka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da Zariya, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Iyayen nan ba mugaye ba ne, ba su ga wata ƙofar ba ce. A shekarar ce kuma Najeriya ta sauya sunan hukumar gidajen yarinta zuwa ta gyaran hali, ta sa sakin talala da aikin al'umma cikin doka. Senegal kuwa tun ƙarshen 2014 ta buɗe cibiyar jiyyar masu shaye-shaye a asibitin Fann na Dakar. Mu ma a 2017 an yi dokar da ta ba alƙali damar yanke wa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon kaso.

Ahuwar da kowa ke tunawa ita ce ta Maris 2020, lokacin korona, da shugaba Isuhu Mahamadu ya saki ɗaurarru 1,540, ciki har da Hama Amadu. An dubi tsufa, an dubi ciwo mai tsanani, an dubi wanda saura kaɗan ya gama. Ba na ƙin ahuwa, wallahi, wanda ya taɓa kai tuwo ƙofar kaso ba zai ƙi ta ba. Amma ita watanni take lissafawa, ba ta tambayar abin da ke jikin yaro. Kuma ga abin da likitoci suka tabbatar a ƙasashe da dama: makonnin farko bayan fita su ne mafi hatsari. Jiki ya manta da ƙwaya, yaro ya dawo fada, abokai su miƙa masa adadin da ya saba sha a da, sai farfaɗiya ko numfashi ya tsaya. Da ni ake shawara, da na ce a ɗaura ragin kwana da jiyya, ko malamin asibiti guda ne ke zagayawa, kuma a haɗa yaro da asibitin garinsu tun kafin ya fito.

Ita kuwa mahaifiyar nan, da na sake kiranta washegari na tambaye ta wata nawa alƙali ya yanke wa ɗanta, sai ta ce ai ba a shiga shari'ar ba tukuna. To Inna, ahuwa da sakin talala duk na wanda aka yanke wa hukunci ne. Mai jiran shari'a ba ya cikin lissafin, kuma irinsa suna da yawa ƙwarai a gidajen kasonmu. Na ce ta sami babban wansa su je kotu su tambayi inda takardunsa suka tsaya da ranar da za a saurare shi. Ta ce Litinin za su tafi, in Allah ya kai mu.