Ranar da Wikipedia Ta Rufe Ƙofarta

Ranar 18 ga Janairu, 2012, duk wanda ya buɗe Wikipedia ta Turanci baƙin shafi ya tarar, da ɗan gajeren saƙo. Awa 24 aka yi a haka. Ranar ce yawancinmu muke tunawa, alhali an shafe fiye da shekara ana ƙulla ƙawancen da ya haife ta.

Tushen rigimar wasu ƙudurorin doka biyu ne a majalisar Amurka: PIPA, wanda Sanata Patrick Leahy ya gabatar a watan Mayun 2011, da SOPA, wanda Lamar Smith ya kai majalisar wakilai a Oktoba. Manufarsu yaƙi da satar fasaha, kuma manyan kamfanonin fim da na waƙa ne ke bayansu. Mu da muka ga ɓarnar da masu buga faifan jabu suka yi wa 'yan fim a Kano ba za mu ce kukan nasu na banza ne ba. Maganin ne ya fi cutar muni. Dokar za ta ba da damar a toshe shafin ƙasar waje ɗungurungum, a cire shi daga injinan bincike, a yanke masa hanyar samun kuɗi, ko da wani baƙo ne ya ɗora abin da ake ƙara a kai.

Masu adawa kowa da abin da ya iya. Electronic Frontier Foundation, wadda aka kafa tun 1990, tana da lauyoyi masu fassara wa jama'a abin da ƙudurin ya ƙunsa. Public Knowledge ta san lungunan majalisa. Demand Progress, wadda Aaron Swartz na cikin waɗanda suka kafa ta a 2010, ta iya tara sa hannun jama'a. Ranar 16 ga Nuwamba, 2011, lokacin da kwamitin majalisar wakilai ya zauna kan SOPA, suka haɗu da Mozilla da Creative Commons da Fight for the Future suka yi gwajin farko na zanga-zanga a intanet. A Disamba injiniyoyi 83, har da Vint Cerf, suka rubuta wa majalisa cewa toshewar za ta taɓa tsarin sunayen shafuka kansa.

Shigar Wikipedia ta fi wuya, domin kundi ne da ya ginu kan rashin ɗaukar ɓangare. Editoci kusan 1,800 suka tafka muhawara. Wasu suka ce shiga siyasa zubar da amana ne, masu rinjaye suka ce ba a zama ɗan ba-ruwana a kan dokar da ke barazana ga rayuwar kundin. A ganinmu masu ƙin ba su yi wauta ba, sai dai ba su da amsar wannan hujja.

Reddit ya rufe na awa 12, Google ya lulluɓe tambarinsa da baƙi. Kwana biyu bayan haka aka jingine ƙudurorin biyu.

Ƙawancen bai zama na dindindin ba. A 2013, da Edward Snowden ya tona asirin leƙen bayanan jama'a, sunan Google na cikin takardun, tsofaffin abokan tafiya kuma suka koma masu yi masa tambayoyi. A Maris na 2019 Wikipedia ta Jamusanci ta rufe na yini guda kan dokar haƙƙin mallaka ta Tarayyar Turai, dubban mutane suka fita tituna, amma majalisar Turai ta amince da dokar ranar 26 ga watan.