Yakubu da James Suna Ɗaya Ne, Amma Kanon Japan Ba Tamu Ba Ce

Ka san wasan judo? Wanda ya ƙirƙiro shi a birnin Tokyo a 1882 sunansa Jigoro Kano. Eh, Kano. Da jin haka sai wani ya hau Facebook ya ce ai Japanawa 'yan uwanmu ne, daga ƙasar Hausa suka yi ƙaura. Kafin ka tura irin wannan rubutu gaba, tsaya mu yi ɗan lissafi.

Hausa da Japananci duk wasula biyar gare su, a, e, i, o, u, kuma duk sun fi son gaɓa mai baƙi ɗaya da wasali ɗaya, irin su ka, no, mi. A ɗauka harshe yana da baƙaƙe 15 kacal. Ka ninka da biyar, gaɓoɓi 75 ke nan. Sunaye masu gaɓa biyu da za a iya haɗawa ba su wuce 5,625 ba. Al'ummu biyu na ta ɗiba daga wannan 'yar ƙwarya shekaru ɗaruruwa, yaya za a yi hannu bai haɗu ba?

Dubi Naomi. A Ibrananci sunan mace ne mai ma'anar daɗi, sunan surukar Rut a Littafi Mai Tsarki na Kirista. Japanawa ma suna da nasu Naomi, har maza na amsa shi: Naomi Uemura, wanda ya isa ƙuryar Arewacin duniya shi kaɗai a 1978, namiji ne. Kama da wane ba ta wane.

Dangantaka ta gaskiya kuwa sau da yawa kunne ba ya kama ta. Asalin Yakubu shi ne Ya'aƙob na Ibrananci. Larabci ya ce Ya'aƙub, mu kuma muka karɓa ta hanyar Musulunci muka ƙara wasali a ƙarshe, kamar yadda muka yi wa Yusufu da Haruna. Ɗaya reshen ya bi ta Turai. Girkawa suka ce Iakobos, Latin ya ce Iacobus. Daga baya a bakin jama'a b ta koma m, aka sami Iacomus (leɓɓa ne ke furta su duka biyu, gwada ka ji). Daga nan Italiya ta sami Giacomo, tsohon Faransanci ya sami James, Ingila ta ara. Ba shaci-faɗi ba ne, kowane mataki yana nan a rubuce. Shi ya sa da aka tumɓuke Sarki James na Biyu na Ingila a 1688, aka riƙa kiran magoya bayansa Jacobites, wato 'yan Yakubu.

Abin da masana tarihin harshe ke tambaya ke nan: yaya aka rubuta sunan tun farko, me yake nufi, kuma ta wace hanya ya yi tafiya, ciniki ne ko addini ko yaƙi? Tsakanin Dala da Japan babu hanyar da za a nuna.

A gida ma haka ne. Baƙon da bai san Hausa ba, ka rantse masa cewa Garba, Habu, Buba da Bukar duk Abubakar ne, da wuya ya yarda. Haka Mamman namu, Mamadou na Senegal, da Mehmed na Biyu, sarkin Turkawa da ya ci Kustantiniya a 1453, dukansu Muhammadu ne.