Kyarkeci da makiyayan Faransa: asalin rigimar

Kyarkeci dabbar daji ne mai kama da ƙaton kare, kuma ƙungiya-ƙungiya suke farauta. Mu da muka saba da kura da dila, to a Turai shi ne ke hana makiyayi barci.

A Faransa an farauce su har suka ƙare a shekarun 1930. A 1992 sai ga su sun dawo da ƙafarsu daga Italiya, suka ɓullo a dajin Mercantour cikin tsaunukan Alps. Yanzu hukuma na ƙiyasin sun kai kusan 1,000. Abin da ya ba su damar yaɗuwa shi ne Yarjejeniyar Bern ta 1979 da ta hana kashe su, ga kuma barewa da aladun daji sun yawaita.

Duk shekara suna kashe dabbobi sama da 10,000 a ƙasar, yawanci tumaki, saboda da rani ana hawa da su tsauni su kwana a fili. Shanu ba su cika faɗawa ba, sai dai 'yan maruƙa.

Ni da na tashi a kara, na san asara ba ta tsaya kan wadda aka kashe ba. Garken da ya firgita warwatsewa yake yi, masu ciki su yi ɓari, sauran su rame. Dabbar da ta rame kuwa, kowa ya san yadda ake taya ta.

Gwamnati na biyan diyya bayan jami'ai sun duba gawar sun ga alamar kyarkeci ne. Tana kuma tallafawa da shingen lantarki, da albashin mai tsaro, da manyan fararen karnukan da ake kira patou. Sannan duk shekara tana ba da izinin harbe wani kaso na kyarketan.

Makiyaya dai sun ce kuɗi ba ya maye garken da aka yi shekaru ana tarawa. Masu kare namun daji kuma sun ce kyarkeci na rage barewar da ke cinye tsiro, kuma harbi kan tarwatsa ƙungiyarsu ba tare da ɓarnar ta tsaya ba.

A Disamba 2024 ƙasashen Yarjejeniyar Bern suka sassauta kariyar da ake ba shi, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2025. Har yanzu dabba ce mai kariya, amma kowace ƙasa ta samu ƙarin dama ta rage yawansu.