Yadda Mutanen Birnin Kano Suka Sa Hannu Cikin Mulkin Garinsu

In an zo darasin tarihi a makaranta, yawanci sunayen sarakuna a kan biya muku, da shekarun da kowannensu ya yi bisa gadon sarauta, da yaƙoƙin da ya ci. Wannan ilmi ne mai kyau, amma fa da saura. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka yau za mu duba ta wace hanya talaka mazaunin birnin Kano ya kan kai maganar yoyon ɗakinsa ga masu mulki, tun daga zamanin da har zuwa namu.

Mu fara da ganuwa. Littafin tarihin Kano ya nuna an soma gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta wajen 1095 zuwa 1134, sarakunan baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. Sarki shi ne ya ba da umurni, amma hannuwan jama'a ne suka kwaɓa ƙasa suka ɗora tubali, 'ya'ya da bayi. Ginin ƙasa kuwa kun san halinsa, kowace damina sai ta ci rabonta, don haka sai an dinga fitowa gayya ana yaɓe. Kowace ƙofa, kamar Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kabuga, tana da sarkin ƙofa mai tsaronta. Ashe tun farko tsaron birni aiki ne da aka raba wa mutane da yawa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma tsara majalisar manyan fada guda tara da ake ce wa Tara ta Kano. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano, ya rubuta masa littafi a kan haƙƙoƙin da ke wuyan sarki, ya gargaɗe shi ya zama mai sauƙin samuwa ga masu kawo kuka. Kada dai mu ruɗe, majalisar nan ta manya ce, talaka ba shi da wurin zama a cikinta. Amma ta tabbatar da abu guda, watau sarki ba ya yanke babbar magana sai da shawara.

To, ina talaka ya kan bi? Ta unguwa. Birnin Kano unguwanni ne, sunayensu ma suna ba da labarin masu su. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Ayagi inda Yarabawa suka zauna, ga Dandalin Turawa na Larabawan da suka ƙetaro hamada da fatauci. Kowace unguwa da mai unguwarta, wanda ya san kowane gida, ya san baƙon da ya sauka, ya kan raba gardamar iyakar gida da ta magudanar ruwa tun ba ta kai gaban alƙali ba. Masu sana'a su ma da shugabanninsu, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa. Magana ta kan tashi daga zauren mai gida zuwa na mai unguwa, daga nan ta hau wurin hakimi, har ta isa fada. Kyawun wannan tsani shi ne matakinsa na farko yana bakin ƙofar kowa. Aibinsa kuwa, in wani na tsakiya ya danne magana, to, ta mutu ke nan, mai ita ba shi da ikon sauke wanda ya danne ta.

A watan Fabrairu na 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, suka naɗa Sarki Abbas. Ba su rushe wannan tsani ba, sai suka yi mulki ta cikinsa, aka kira hukumar sarki da sunan En'e. Wajen 1911 aka tsayar da Baitulmali, haraji ya zama ana tara shi wuri guda bisa lissafi, ana biyan sarki da hakimai albashi. Da kuɗin nan aka yi ayyuka masu amfani. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka jawo ruwan famfo daga Chalawa, aka kawo wutar lantarki cikin gari. Amma akwai abin da ya sauya wanda ido ba ya gani da sauri. Mai unguwa da hakimi suka zama masu karɓar haraji, albashinsu daga sama yake fitowa, bayansu kuma ga Razdan da Di'o. Wanda abincinsa ke zuwa daga sama, idonsa can ya kan koma. Talaka ya biya kuɗi, ba a tambaye shi ra'ayinsa a kan yadda za a kashe su ba.

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna, ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, don jama'a su sami baki cikin al'amuran ƙasarsu. A cikin wannan watan ne kuma wasu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya, kirarinta kuwa ceton talakawa. Hanyoyin mutanen nan biyu sun bambanta ƙwarai, amma cutar da suka hango ɗaya ce. Daga nan aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin En'e, sai sarki tare da majalisarsa. Dokar En'e ta 1954 kuma ta ba da hanyar kafa majalisun gari da na gunduma, waɗanda wasu wakilansu zaɓensu a ke yi. Mata dai ba a ba su ƙuri'a ba a lokacin, ko da yake irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan neman haƙƙinsu.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kotuna da gidajen yari da 'yan doka suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnati. A 1976 aka yi babban gyara, aka kafa ƙananan hukumomi 301 a Nijeriya duka bisa tsari guda, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Bayan wannan gyaran ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano na da 44, birni da kewayensa kuma aka raba shi tsakanin irin su Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni. Ya kuma ce a mulke su da zaɓaɓɓun shugabanni da kansiloli. Duk da haka gwamnoni da yawa a ƙasar suka riƙa naɗa kantomomi maimakon zaɓe, suna riƙe kuɗin hukumomin, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa yin hakan ya saɓa wa doka.

To, 'yan makaranta, ga abin da muka tsinta cikin wannan dogon labari. Kakanninmu suna da mai sauraronsu kusa, amma ba su da ikon sauya shi. Mu kuwa doka ta ba mu ikon zaɓe da na tambaya, sai dai sau da yawa ba mu san ko sunan kansilan mazaɓarmu ba. Kwatar da ta toshe, da asibitin unguwa, da rufin ajinku na firamare, da sharar kasuwa, duk suna cikin aikin ƙaramar hukuma. Cikinku akwai waɗanda gobe za su zama akawuna da ma'aji da kansiloli, saura kuma masu biyan haraji. Wanda ya sami kujera ya bar ƙofarsa a buɗe. Wanda bai samu ba ya je taron unguwa, ya fito aikin gayya, ya tambayi inda kuɗin gari suka tafi, cikin ladabi, ba tare da tsoro ba. Allah Ya ba mu shugabanni masu saurare, Ya ba su jama'a masu faɗin gaskiya, amin.