Sakan Talatin da Ɗaya

A watan Maris na 2014 wasu makaɗa 'yan Amurka da ake kira Vulfpeck suka saka kundin waƙoƙi goma a Spotify, suka raɗa masa suna Sleepify. Duk wanda ya kunna shi babu abin da zai ji. Ba kiɗa, ba murya, ko tari babu. Kowace "waƙa" shiru ce zalla na sakan 31 ko 32. Jagoransu, Jack Stratton, ya roƙi masoyansu su kunna kundin idan za su kwanta, su bar shi yana ta maimaita kansa har gari ya waye. Ya yi alkawarin cewa da kuɗin da aka samu za su zagaya garuruwa su yi wasa kyauta.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙa'idar Spotify, da zarar waƙa ta yi sakan 30 a kunne, an saurare ta ke nan, kuma akwai kuɗi a kanta. Barcin awa bakwai zai kunna shirun nan sau 800 da ɗoriya, wato wajen dala huɗu daga mutum ɗaya a dare ɗaya. Kafin kamfanin ya sauke kundin bayan kimanin mako bakwai, ya tara musu kusan dala 20,000. Sun kuma cika alkawari, sun yi zagayen a watan Satumba ba tare da karɓar kuɗin ƙofa ba.

Mutane sun yi dariya, jaridu sun yaba wayon. Mu kuwa masu rubuta manhaja abin da muka gani daban ne. Kamfanin bai san ko akwai kunne a ɗaya ɓangaren ba, kuma ba shi da hanyar sani. Abin da manhajarsa ke gani kawai shi ne wani asusu ya nemi wani fayil, agogo kuma ya wuce 30. Duk tarihin da ke tafe daga wannan giɓin ya tsiro.

Sayen farin jini da kuɗi ba sabon abu ba ne a harkar waƙa. A Amurka ta shekarun 1950 kamfanonin faifai kan miƙa wa masu gabatar da shiri a rediyo na goro don su riƙa saka waƙoƙinsu. Da abin ya fasu a 1959, fitaccen mai gabatarwa Alan Freed ya rasa aikinsa, majalisar dokokin ƙasar ta zauna a kai, aka gyara doka a 1960. Hakan bai kashe al'adar ba, domin ko a 2005 sai da Sony BMG ya biya dala miliyan 10 a New York kan irin wannan zargi. A namu ɓangaren, abin da mawaƙa da 'yan fim suka daɗe suna kuka da shi tun zamanin kaset shi ne satar fasaha: wani ya kwafi aikinka ya sayar, kai ko sisi. Amma mai ba da na goro da mai kwafar kaset duk suna buƙatar abu ɗaya, wato ɗan Adam mai kunne. Ɗaya yana son ya jawo shi, ɗaya yana son ya sayar masa. Sabon ɓarawon shi ne na farko da bai damu da ko mutum ɗaya ya ji waƙarsa ba.

Kafin a gane wanda ake cuta, sai an gane yadda ake rabon. Spotify, wanda ya fara aiki a Suwidin a 2008, da mafi yawan takwarorinsa, ba sa biyan wani tsayayyen farashi a kan kowace kunnawa. Kuɗin masu biyan wata da na talla ake tarawa a akushi ɗaya, kamfani ya cire nasa, wajen kashi biyu bisa uku ya tafi ga masu haƙƙin waƙoƙi. Sai a raba gwargwadon yawan kunnawar da kowa ya samu. Wato kuɗin da ka biya ba wurin mawaƙin da ka saurara yake zuwa kai tsaye ba, cikin akushin yake faɗawa. Idan wani ya yi aringizon kunnawa miliyan ɗari, akushin bai ƙara girma ba, lomar kowa ce ta ragu. Kamfani bai yi asarar komai ba a wannan watan. Mawaƙa ne suka yi, kuma babu wanda zai ji a jikinsa, don ɗan abin da aka tsakura daga kowa bai kai a lura ba.

Tun kafin Vulfpeck an yi gargaɗi. A 2013 wani masanin tsaron kwamfuta ɗan Ostireliya, Peter Fillmore, ya haɗa wasu kaɗe-kaɗe marasa kan gado da kwamfuta, ya saka su a dandalin saurare, ya yi hayar kwamfutoci a wurin Amazon su yi ta kunna su dare da rana. Ya samu kuɗi, sannan ya fito a taron masana ya bayyana yadda ya yi. Shi gwaji yake yi. Waɗanda suka biyo baya sana'a suka ɗauke ta.

Wanda ya fi burge mu ta fuskar lissafi, duk da muninsa, shi ne abin da mujallar Music Business Worldwide ta tona a farkon 2018. A watan Satumba na 2017 wani jerin waƙoƙi mai suna Soulful Music ya kutsa cikin jerin da suka fi kawo kuɗi a Spotify a duniya. Waƙoƙi 467 ne a ciki, na mawaƙan da ba wanda ya taɓa jin sunansu, yawancinsu da kaɗan suka haura sakan 30, lambobin rajistarsu kuma suna nuni da ƙasar Bulgeriya. Masu saurarensu ba su wuce 1,200 ba. Mujallar ta yi hasashen cewa wani ne ya buɗe asusu 1,200, ya biya wa kowanne kuɗin wata na dala 9.99, kimanin dala 12,000 ke nan. A wata ɗaya akwai sakan 2,592,000. Idan kowane asusu yana tsallakawa waƙa ta gaba da zarar an cika 30, zai yi kunnawa 86,400. A ninka sau 1,200, an haura miliyan 103. Ko a kan dala 0.004 kowace ɗaya, an wuce dala 400,000. Ka zuba dubu goma sha biyu, ka kwashi dubu ɗari huɗu. Kuma ba a fasa ƙofar kowa ba, kuɗin watan nan an biya su cif. Ɓera na da sata, amma daddawar nan ma da wari.

Zargi bai tsaya kan na waje ba. A watan Mayu na 2018 jaridar Dagens Næringsliv ta Norwe ta ce an ƙara ɗaruruwan miliyoyin kunnawar bogi a kan kundin Beyoncé da na Kanye West a dandalin Tidal, a cikin bayanan kamfanin kansa. Tidal ya musanta. A 2023 kuma jaridar Svenska Dagbladet ta ruwaito cewa gungun 'yan daba a Suwidin suna sayen kunnawar bogi don wanke kuɗin haram, su fito a matsayin kuɗin waƙa.

Ta yaya ake kama su? Da farko abin da sauƙi, domin na'ura ba ta iya kwaikwayon lalacin ɗan Adam. Mutum yana barci. Yana neman waƙa ya rubuta sunanta ba daidai ba, ya tsaya a tsakiya don amsa waya, ya ƙara sauti, ya gaji ya rufe. Asusun da ke kunne awa 24, yana tsallake kowace waƙa a sakan na 31, ga 'yan'uwansa dubu daga adireshin intanet ɗaya da katin banki iri ɗaya, wannan ko ɗalibin shekarar farko zai rubuta abin da zai zaƙulo shi. Sai dai duk ƙa'idar da muka rubuta, darasi ce muka ba ɓarawo kan yadda mutum yake. Aka ce awa 24 ta yi yawa, sai ya koya wa na'urarsa barci. Aka ce adireshi ɗaya, sai ya rarraba. Aka ce sabon asusu abin zargi ne, sai ya koma satar kalmar sirrin mutane na gaske, yana kunna waƙoƙinsa da asusunsu.

Shari'ar da ta fi nuna wannan sauyin rawa ita ce ta Michael Smith, wani mawaƙi daga jihar North Carolina, wanda masu gabatar da ƙara na New York suka tuhuma a watan Satumba na 2024. Takardar tuhumar ta kawo lissafin da aka ce shi ya rubuta da kansa a 2017: wuraren hayar kwamfuta 52, kowanne da asusun bogi 20, jimilla 1,040. Kowane asusu zai kunna waƙa 636 a rana, wato 661,440 ke nan kullum, sama da dala miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Matsalarsa ita ce waƙa ɗaya da ta samu kunnawa biliyan daga inda ba a sani ba za ta ja ido. Amma biliyan ɗin nan idan aka watsa shi a kan waƙoƙi dubbai, kowacce ta ɗan samu kaɗan, ba wanda zai waiga. Abin da ya rasa shi ne waƙoƙin. Daga 2018, in ji tuhumar, ya haɗa kai da shugaban wani kamfanin kiɗan ƙirƙirarriyar basira, aka riƙa turo masa dubbai, har suka kai dubban ɗaruruwa, ana laƙaba musu sunayen waƙa da na mawaƙa da kwamfuta ta harhaɗo. An ce ya kwashi sama da dala miliyan 10. Mutumin Bulgeriya waƙoƙi kaɗan ya kunna da yawa. Smith waƙoƙi da yawa ya kunna kaɗan-kaɗan. Kafin shi da 'yan watanni, a Maris na 2024, wata kotu a birnin Aarhus na Denmak ta yanke wa wani mutum ɗaurin wata 18 kan irin wannan zamba.

Girman ɓarnar fa? Cibiyar kula da harkar kiɗa ta Faransa ta fitar da bincike a Janairun 2023 da bayanan Deezer da Spotify da Qobuz, ta ce tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na kunnawar da aka yi a ƙasar a 2021 na bogi ne, wato biliyan ɗaya zuwa uku. Ita da kanta ta ja hankali cewa wanda aka gano ke nan. Gwanin ɓarawo ba ya shiga ƙididdiga.

A watan Yuni na 2023 dandalai da kamfanonin da ke ɗora wa mawaƙa waƙa, irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby, suka kafa ƙawancen Music Fights Fraud don musayar bayanai, saboda wanda aka kora daga wannan ƙofa kan shigo ta waccan. A 2024 Spotify ya sauya dokokinsa. Waƙar da ba ta samu kunnawa 1,000 a cikin wata 12 ba, babu kuɗi a kanta. Sautin ruwan sama da makamantansa sai ya kai minti biyu kafin a lissafa shi. Kamfanin da ya ɗora waƙar da aka kama da aringizo ƙarara zai biya tara a kan kowace waƙa.

A nan ne muke da ja. Dokar dubu ɗayan nan ta toshe hanyar irin su Smith, gaskiya ne, amma ta haɗa da ƙaramin mawaƙin da ke da masoya hamsin na gaske. Tarar kuma ta sa kamfanonin ɗora waƙa sun zama masu saurin hannu: da an yi zargi sai a sauke waƙa, bincike ya biyo baya in an ga dama. Mawaƙa da dama sun koka cewa wani ne ya tsoma waƙarsu a jerin bogi ba da saninsu ba, ko dai don ya ɓatar da sawu, ko don ya janyo su su sayi hajarsa, amma su aka hukunta. Ma'ana, yau maƙiyinka zai iya saya maka masu saurare don a kore ka.

Kuma duk wanda ya taɓa rubuta irin wannan manhajar tacewa ya san tana da kuskure iri biyu: ta saki ɓarawo, ko ta kama mai gaskiya. In ka matse ɗaya, ɗayan ya ƙaru. Abin da ke damunmu shi ne wane irin mutum aka ɗauka a matsayin ma'auni. Mai aski a Kano da ke barin jeri ɗaya yana juyawa daga safe har dare, dattijuwar da ke kwana da karatun Alƙur'ani a kunne, abokai biyar da ke amfani da asusu ɗaya, dubban wayoyi samfuri ɗaya da kamfanin layi ya fitar ta adireshi ɗaya: a idon manhajar da ta koyi ɗabi'ar mai saurare a Stockholm, duk waɗannan sun fi kama da na'ura. Su kuma matasan mawaƙanmu da ke ganin tallan "a kai waƙarka dubu ɗari cikin kwana uku", kuɗinsu suke bayarwa a saya musu tara.

Akwai wata hanyar rabo da ke rage wa daddawar wari. Tun Afrilun 2021 SoundCloud ya fara biyan mawaƙa masu zaman kansu daga kuɗin wanda ya saurare su kaɗai. A wannan tsarin mutumin Bulgeriya ba zai taɓa fitar da abin da ya kai dala 12,000 ɗin da ya zuba ba, ko da asusunsa sun kwana dubu suna kunne. Manyan dandalai ba su koma kansa ba, kuma ko shi bai hana satar asusun mutane ba.

Abin da Smith ya sha wahalar nema a 2018 yanzu yana hannun kowa. A Janairun 2025 Deezer ya ce kullum ana ɗora masa waƙoƙi 10,000 da na'ura ta haɗa baki ɗaya. Zuwa Afrilu sun kai 20,000, zuwa Nuwamba 50,000, wajen kashi ɗaya bisa uku na duk abin da ke shigowa. Kamfanin ya ce har kashi 70 cikin ɗari na kunnawar da irin waɗannan waƙoƙi ke samu na bogi ne, don haka yana cire su daga rabon kuɗi, ya kuma daina tallata su ga masu saurare. A watan Satumba na shekarar Spotify ya sanar da cewa a cikin wata 12 ya share tarkacen waƙoƙi sama da miliyan 75.