Wuƙa da Tambaya: Tarihin Haɗuwar Finafinan Kisan Gilla da na Binciken Laifi

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. A kan wannan aƙida aka gina labarin binciken laifi: kowane kisa yana da dalili, kuma mai bincike zai gano shi. Shi kuwa fim ɗin kisan gilla, abin da ya sa a gaba shi ne ya razana mai kallo. A wannan maƙala za mu bi sawun yadda waɗannan sassa biyu suka cuɗanya.

Tushen abin yana cikin adabi. A 1939 Agatha Christie ta Ingila ta fitar da littafin da aka fi sani da And Then There Were None, inda mutum goma suka taru a wani tsibiri ana kashe su ɗaya bayan ɗaya, makashin kuma yana cikinsu. A Italiya kuwa, tun 1929 kamfanin Mondadori yake buga littattafan laifi masu rawayan bango, har kalmar giallo, wato rawaya, ta zama sunan irin waɗannan labarai. Mario Bava ya juya su zuwa fim, musamman a Blood and Black Lace na 1964, inda makashin ya rufe fuska ya sa baƙar safar hannu. Dario Argento ya bi bayansa a 1970.

A Amurka, Psycho na Alfred Hitchcock a 1960 ya karya alkawarin tsohon labari, domin shi kansa mai binciken, Arbogast, wuƙar ta cim masa a kan matakala. Daga nan hanya ta rabu. John Carpenter a Halloween na 1978 ya nuna mana makashin tun farkon fim, ya mayar da shi tamkar dodon tatsuniya, ba dalili, ba mutuwa. Friday the 13th na 1980 ya ɓoye makashiyar, amma sai dab da ƙarshe ya gabatar da ita, ya hana mai kallo damar yin hasashe.

A 1996 Wes Craven da marubuci Kevin Williamson suka sake ɗinke ɓarakar a Scream. Kowane ɗan wasa abin zargi ne, kuma a ƙarshe makasan suka zama biyu, ɗayansu ma saurayin jarumar ne.

A nan darasin yake ga masu sha'awar rubutu a cikinmu. Idan makashi dodo ne, mai kallo zai firgita, ya tashi ya manta. Idan kuwa maƙwabci ne, ko masoyi, to tsoron zai raka shi har gida, domin an tilasta masa ya tambayi kansa: wa na sani, kuma yaya zurfin sanin?