Iyakar Ikon Tarayya da Matsalar Mai Riƙe da Lalita

Sashe na 4 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya raba ikon yin doka gida uku: abin da ke hannun tarayya kaɗai, abin da tarayya da jihohi ke tarayya a kai, da ragowar da aka bar wa jihohi. Jerin farko ya fito da batutuwa 68, har da 'yan sanda da ma'adinai. Masu nazari sun fi kuka da tsawon jerin nan. A ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Abin tambaya shi ne wa ke iya tsayar da tarayya idan ta ƙetare iyakar da aka shata mata.

Shari'ar Legas ta isa misali. Bayan jihar ta ƙirƙiri ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da kundin ya sani, Shugaba Olusegun Obasanjo ya riƙe kason ƙananan hukumominta a 2004. A Disambar wannan shekarar Kotun Ƙoli ta ce sababbin hukumomin ba su kammalu ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata aikin, amma sashe na 162 bai ba shugaban ƙasa ikon riƙe kuɗin tsofaffin ba. Hukunci ya fito sarai, kuɗin kuwa ba su fito duka ba sai a zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Legas ta jure saboda harajin cikin gidanta. Jihar da ke jiran kason Abuja kafin ta biya albashi, da wuya ta kai wata uku ba ta durƙusa ba.

An sake ganin irin haka a 2023, lokacin da Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙarar sauyin fasalin naira. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, sai da aka shafe kwana goma kafin Babban Banki ya bi.

Za a ce ai gyaran kundin na 2023 ya ba jihohi hurumi a jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, ya kuma faɗaɗa ikonsu kan lantarki. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Sai dai sashe na 287, wanda ya wajabta bin hukuncin Kotun Ƙoli, 'yan sanda ke zartar da shi, su kuwa sashe na 214 ya mai da su runduna ɗaya tilo, shugabansu kuma shugaban ƙasa ke naɗa shi.